Maccido Mai Mayar wa Gulbi Yashi

Idan ka fita Jega ka bi gaɓar Gulbin Gindi yadda ruwa ke tafiya, kafin ƙafarka ta gaji za ka iske wata 'yar tunga da ake kira Tungar Yaro. Gidaje ne 'yan kaɗan, da masallaci, da rumfunan ajiyar albasa, da wani siririn mutum mai kunnuwa kamar faifai, wanda in ka yi masa sallama zai amsa yana duban babban yatsansa na ƙafa. Shi ne Maccido. Taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa halal ne, ko alƙali ba ya karɓar ƙarar taubashi. Ni ne Sahabi. Na yi shekaru ina jan motar albasa daga Aliero zuwa kurmi har bayana ya ce ya gaji. Yanzu baki kawai nake ja a tasha.

Da can Maccido ba mai duban ƙasa ba ne. Mutum ne mai dariya da dukan cinya, ko kan jaki yake sai ka ce ango. Abin da ya sunkuyar da kansa kuwa yashi ne, yashin nan da kowa ke takawa.

Yana bakin nono uwarsa ta rasu. Yayarsa Dije, wadda a lokacin ko zane ba ta iya ɗaurawa da kyau ba, ita ta goya shi. Ita ta tauna masa gero, ita ta koya masa tafiya. In za ta taya ubansu ban ruwa a gonar fadama, sai ta kwantar da shi gindin wata giyayya da ke bakin gonar, ta kafa masa faifai ya tare rana. Na sha gaya masa a nan kunnuwansa suka ga faifan suka yi koyi.

Da ubansu, Kawu Audu, ya rasu, gonar ta faɗa hannun Dije, jakuna da sana'ar yashi suka faɗa hannun Maccido. Dije ta yi aure, mijin ya rasu, ta dawo tunga ta riƙe gonarta da hannu biyu. Renon irin albasa take yi. Manoma daga Jiga Birni, har daga cikin Aliero, sukan zo neman irin Dije lokacin dashe, don nata ba ya kwantawa. Da gonar take ci, da ita take sutura, ba ta taɓa miƙa wa namiji hannu ba. Kuma tun ranar da Maccido ya auri matarsa Iklima, kowace Juma'a sai Dije ta aika masa da kwanon dambu da zogale, wai ba ta yarda amarya ta san cikinsa ba. Iklima ta haifi 'ya'ya har ta fara furfura, kwano bai daina zuwa ba.

To, gaban tungar gulbi ya yi gwiwa, kuma cikin gwiwar nan akwai rairayi. Fari ne tas, shimfiɗe kamar an shanya likkafanin ƙato. Nan mata ke wanki, nan Fulani ke shayar da shanu, nan muka koyi kokawa don faɗuwa ba ta da zafi. In ka tona rami tsawon kamu, ruwa garai-garai zai tsattsafo, ka sha ba ka nemi rariya ba. Gonar Dije tana daga ƙarshensa, ya yi mata garkuwa.

Ba wanda ya zuba rairayin nan. Gulbi ne ke tahowa tun daga duwatsun ƙasar Zamfara yana niƙa dutse da dutse, kamar mace a kan maniƙa, yana ɗauke da garin a cikinsa. In ya iso gwiwa, ruwan da ya bi ta waje gudu yake, shi ke cin gaɓa. Wanda ya bi ta ciki kuwa rago ne, tafiyar mai ciki yake, sai kaya su yi masa nauyi ya sauke. Tsakuwa yake fara yarwa, sannan yashi mai gautsi, sannan mai laushi, laka ita ce auta. Damina ta kawo, rani ya shanya. Haka tun kafin a haifi kakan wanda ya kafa tungar.

Kawu Audu yana da doka guda a sana'arsa: yashi daga wutsiyar rairayi ake ɗiba, ba a taɓa kansa. Kan shi ne wajen da ruwa ke fara dukansa in ya taho. Da Maccido ya tambaye shi dalili yana yaro, sai tsoho ya ce, “Na mutanen ruwa na. Bar masu abinsu.” Bai ƙara ba, don Kawu mutum ne da ke auna magana da cokali. Maccido ya girma yana bin dokar, yana cika mangala daga wutsiya, yana kai wa magina a Jega. Abin da jaki zai ɗauka a rani, damina ɗaya ta mayar har da gyara.

Sai gini ya tashi a Aliero da Jega. Kowa na son bulo, kowa na son siminti, jaki ya zama abin dariya. Masu tifa suka zo suna neman yashi mai kyau, aka nuna musu Maccido. Wutsiyar rairayi laushi gare ta, mota ta shiga sai ta nutse har gindi. Kan kuwa tsakuwa ce daddaɓe, ga hanya kusa. Suka ce nan suke so.

Iklima ta tuna masa da maganar tsoho. Ya ce, “Camfi na. Mutanen ruwa gini suka yi da shi?”

Ni ma a lokacin ban ga aibin abin ba, iyakata na ce masa in aljanun sun zo bin kayansu kada ya kwatanta musu gidana. Tifa ta shiga, tifa ta fita, da masu shebur a bayanta. Maccido ya sayar da jakuna ya sayi babur. Ya yanki fili a Jega, masu tifa suka jibge masa tulin yashi kyauta don ya fara gini. Ya sayi hula mai tsayi wadda ta sa kunnuwan suka ƙara fitowa. Kan rairayi ya zama rami, ramin ya zama tafki.

Damina ta fari gulbi ya zo ya cika ramin rabi, ya wuce, ba abin da ya faru. Maccido ya ce kun gani. Aka ƙara ɗiba.

Wadda ta biyo baya ce ta zo da magana. Ruwa ya taho ya tarar ba abin da zai karkatar da shi. Ya zuba ɗan yashin da ya ɗauko cikin ramin, ya fito da yunwa, ya miƙe sak ya sa baki a gonar Dije. Ina tungar ran nan, na je gaisuwar wani mara lafiya. Da hantsi ne, rana tana haske kamar ba abin da ke faruwa. Mutane suka jeru a tudu suna kallo. Ƙasa takan tsage a hankali, ta yi ɗan jinkiri kamar tana shawara, sai ta kife cikin ruwa da kwamin albasa, wato fangalin renon iri, a kanta, irin ya fito kore shar kamar gashin jariri. Kafin la'asar giyayyar ma ta kwanta, saiwoyinta sama.

Dije na tsaye da ƙwaryar ban ruwa a hannu. Kowa ya san abin da ya jawo, kowa kuma yana satar kallon Maccido. Muna jira ta juyo ta wanke shi tas, don Dije ba ta da tsoron kowa, ta taɓa korar mai awo daga gonarta da muciya.

Ta juyo. Ta dube shi daga hula har takalmi. Ta ce, “Allah yab ba mu, gulbi ya amsa. Maccido, ka ci abinci?”

Da mari ta yi masa, da ya warke tuni.

Washegari ya tare hanya ya kori masu tifa, har da jifa. Amma kora ba ta dawo da gona. Abin da ya saura wa Dije bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Da lokacin cirar albasa ya yi, sai ga ta a kasuwar Aliero cikin mata 'yan ƙodago, tana yanke ganye tana ware ruɓaɓɓu, mace mai jikoki, a gaban mutanen da da suke layi a gonarta suna kiranta Inna. Maccido ya aika Iklima da hatsi, ta karɓa ta yi godiya, ta rabar wa maƙwabta. Ya aika a ce ta bar ƙodagon zai riƙe ta, ta ce a gaya masa hannunta bai mutu ba tukuna.

Juma'a kuma kwano ya zo, kamar kullum, da zafinsa.

Iklima ta gaya mini ya buɗe, ya duba, ya rufe. Ya ce a ba yara. Wata Juma'ar ma haka. Ya daina bi ta ƙofar Dije, sai ya zagaya ta bayan rumfunan albasa, cikin ƙaya. In ya hango ta a hanya sai ya tsuguna yana gyaran takalmin da ba abin da ya same shi. Ranar Salla, da ya saba shi ne farkon mai yi mata barka, ya kwanta ya ce zazzaɓi. Tunga ce da in ka yi atishawa a gabas za a yi maka addu'a a yamma, amma mutumin nan ya iya shekara bai haɗa ido da wadda ta goya shi ba.

Sai ya yi abin da ya sa sunansa ya kai har Maiyama. Ya sayar da babur ya sayi jaki. Ya tafi filinsa na Jega, inda tulin yashin gini ke jibge, ya cika mangala, ya koro jaki har tunga, ya juye a kan rairayi inda aka ɗebo shi. Ya koma. Tun da duniya take, jaki daga gulbi yake kai yashi gari. Ran nan mutanen Jega suka ga jaki yana kai yashi gulbi. Mahauta suka bar nama suka fito kallo. 'Yan kabu-kabu suka riƙa yi masa oda suna tambaya ko gulbi ne ya yi haihuwa ake kai masa barka.

Ni kuwa aikina ne, ba zan bar wa bare ba. Na tare shi bakin tasha.

“Bawana, an ce ka buɗe sabuwar sana'a. Nawa gulbi ka biyan mangala?”

“Sahabi, ba ni hanya.”

“Tsaya in ba ka labari kyauta. Ka san inda yashinka za shi? Gulbin ga shina zuba cikin na Sakkwato, na Sakkwato shi zuba Kwara, Kwara ta kai teku. Na gani da idona da nik kai albasa kurmi. Teku ba ta aje kaya, abin da anka ba ta sai ta turo shi baki, igiya bayan igiya, har shi taru shi yi rairai wanda ba ka ganin ƙarshenai. Irin namu na sak, sai dai gishiri. Kuma ka san mi suka yi da shi can? Kwanciya. Maza da mata, ba riga, suna shanya jiki kamar kihi. Kai da jakinka katihwa kuka kai masu.”

Da can da ya doki cinya ya rama, ya ce direba ne ya kai albasa ya tsaya leƙen matan mutane. Ran nan sai ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, “Na ga Yaya Dije jiya cikin motar Aliero, bisa buhu. Ƙahwahunta sun kumbura.” Ya daki jaki suka wuce.

Rani guda ya yi yana wannan jigila, har tulin ya ƙare, har bayan jaki ya yi gyambo. Ya tara abin da ya kai tudun kabari babba, ya daddaɓe da shebur, ya yayyafa ruwa.

Ruwan farko da ya sauko ya kwashe shi kaf, kamar an lashe akushi.

Da ruwa ya janye na tafi tunga, da maganganuna a shirye cikin aljihu. Ban same shi gida ba. Iklima ta nuna mini gulbi da haɓa. Na iske shi tsugune wajen giyayyar da ta faɗi, wadda har lokacin tana kwance rabi a ruwa, saiwoyinta sun riƙe gaɓa.

“Zo ka gani,” in ji shi.

A bayan kututturen, ta gefen da ruwa ba ya duka, akwai wani harshen yashi, fari, sabo, tsawon mutum biyu. Ba sawun jaki a kai, ba na shebur.

“Wa yak kawo wanga?” ya tambaye ni.

“Mutanen ruwa. Sun ji tausayin jaki.”

“Icce na yat tare ruwa, ruwa yar rage gudu, yas sauke. Duba, tsakuwa nan gaba, mai laushi can baya.” Ya damƙi yashin ya sake shi ta tsakanin yatsu. “Abin da kan rairai ka yi ke nan. Baba ya sani. Ni niz zan jaki, Sahabi, ba wancan ba. Gulbi ba a ba shi yashi. Zama aka ba shi.”

Na ce to ai sai ya sayo masa kujera. Bai ji ni ba.

Daga ran nan sana'arsa ta koma sara da kafi. Ya saro turaku ya kakkafa su jere cikin ruwa daga gaɓa, a karkace, ya saƙa kara da ƙayar gumbi a tsakaninsu, kamar mai yi wa kifi danga. Damina ta zo ta tumɓuke rabi. Inda suka tsaya, yashi ya kwanta a bayansu. Ya sake kafawa, ya ƙara wata dangar gaba da ita. Yana kai yashi Jega daga wani wuri can ƙasa don a ci abinci a gida, sauran yininsa duk yana cikin ruwa har ƙugu. Mutane suka gaji da dariya, don dariya ma tana son sabon abu. Filin Jega ciyawa ta cinye shi. Kwano yana zuwa, yara suna cinyewa.

Ban ƙirga damina nawa ba. Na dai san jakin ya mutu an sayi wani, gemun Maccido ya yi fari, rairayi kuma ya dawo, ba kamar na da ba, kamar ƙanensa. Mata suka fara saukowa wanki. Shi kuwa in sun sauko sai ya matsa can ƙarshen danga ya ba su baya.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci na shiga gaida Dije. Ita ma taubashiyata ce, amma da ita nakan auna bakina, don nata ya fi nawa kaifi. Na tarar tana rufe kwano. Maimakon ta kira jika, sai ta ɗora mini shi a hannu.

“Ɗauki, bawa. Ka yi amfani yau ko sau guda.”

“Yaya Dije, ni da nij ja mota mai taya goma?”

“Shi yas sa nib ba ka abin da ba ya da taya. Wuce mu tahi.”

Ba gidan Maccido ta nufa ba, gulbi ta nufa, tana dogara sanda. Yana cikin ɗaure turke ya hango mu. Ya duba hagu, ruwa. Ya duba dama, ruwa. Ba takalmi a ƙafarsa balle ya gyara. Ya fito ya tsuguna a kan yashi, kai ƙasa, ruwa na ɗiga daga wandonsa.

Dije ta wuce shi. Ta taka rairayin daga kai har wutsiya. Ta je bayan dangar ƙarshe, inda gonarta take a da, ta dangwali 'yar lakar da ta fara kwanciya, ta murza, ta ce, “Da saura.” Ta dawo ta durƙusa da kyar, ta tona rami da hannu, ta jira ruwa ya tsattsafo ya kwanta, ta kamfata ta sha. Sannan ta zauna ta miƙe ƙafa.

“Maccido.”

“Yaya.”

“Kai dai wawa na tun kana goye. Kunnuwa kamar na jaki, ba su jin magana. Baba ya ce kar a taɓa, kat taɓa. Kas sa hula kamar turmi kana yawo bisa babur, kaj ja min tsiya ina zaman lahiyata. Tsohuwa da ni ina yankan ganye Aliero, ɗiyan da nig ga haihuwassu suna ce min in yi sauri.”

Ni kuwa na ga wani abu: wuyan Maccido da ya shekara da shekaru a lanƙwashe ya ɗan saki, kamar an sauke wa jaki mangala.

“Wagga magana tun ran nan tana bakina,” in ji ta. “Na riƙe ta don na ga in nis sake ta gaban mutane, ruwa za ka hwaɗa. To gona dai gulbi yac ci, na sani, na gani. Ƙanena hwa, wa yac ci min shi? Ina da rai, ina tunga guda da kai, kana bi cikin ƙaya kamar ɓarawon akuya. Ni nika tashi in yi dambu da hannun ga mai ciwo, ka ba yara? An gaya maka don su nika yi?”

“Yaya, ban iya...”

“Ba a tambaye ka ba. Sahabi, aje mai.”

Na ajiye kwano a gabansa na buɗe. Ya daɗe yana dubansa. Ya sa hannu, hannun da ko wankewa bai yi ba, ya kai baki. Ina jin yashi na ƙara a haƙoransa daga inda nake tsaye. Hawaye na zuba cikin kwanon, yana ci.

Na ce, “Bawana, rage min loma, ni niɗ ɗauko.”

Dije ta ɗaga sanda. “Taɓa ka gani.”

Gonar ba ta dawo ba har yau, kuma mai yiwuwa sai jikoki ne za su dasa albasa a wurin. Dije ta bar zuwa Aliero, ba don ya roƙe ta ba, don gwiwa ta hana; hatsinsa kuwa yanzu tana karɓa ta ci, tana kushe shi wai duk tsakuwa ne. In tifa ta wuce a kan titi Maccido yakan dakata da aiki har ƙararta ta ɓace, kuma in ka je ka yi masa sallama, yatsan nan dai zai duba. Amma ta ƙofar Dije yake bi in za shi gulbi, ya tsaya ya sha zaginsa na safe, sannan ya wuce wajen turakunsa.